Atishawar Kyarkeci

A fadamar Okabango ta ƙasar Botswana, kyarketai kan wuni kwance a inuwa. Rana na yin sanyi sai ɗaya ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya bi 'yan'uwansa yana zungurar su da hanci. Wani ya tashi, wani ya ƙara lafewa. Kafin ka ce kwabo wuri ya kaure da lashe-lashen baki da kaɗa wutsiya. Taron shawara ke nan, maganar kuma ɗaya ce: a fita farauta ko a ƙara kwanciya.

Tsakanin 2014 da 2015 wasu masu bincike, ciki har da Neil Jordan, sun bi garke biyar, suka shaida irin wannan taro sau 68. Ana tsakiyar hayaniya sai su ji wani ya feso iska ta hanci, fit, kamar atishawa. Can wani ya amsa. Idan atishawa ta yi yawa, garke ya kama hanya. Idan ta yi kaɗan, kowa ya koma makwancinsa.

Sai dai ba kowa ake yi wa ƙidaya ɗaya ba. Kowane garke yana da namiji da mace masu faɗa a ji, su ne ma galibi ke haihuwa. In ɗayansu ne ya tayar da taro, atishawa uku ta wadatar. In kuwa na ƙasa ne, wanda ba shi da kowa sai ƙafafunsa huɗu, to sai an kai wajen goma. Yunwa ɗaya, daji ɗaya, amma shi sai ya yi ta zagaye yana zungurar wannan, yana lasar wancan. Sau da yawa yakan koma ya kwanta da yunwarsa.

Duk da haka, goman nan tana cika. Ranar da ta cika, babba kan tashi ya bi sahu, bai tambayi daga bakin wa maganar ta fito ba. Shi ma kuma ukun nan sai an ba shi. Girmansa bai isa ya ja garke shi kaɗai ba. In 'yan'uwa suka yi shiru, kwanciya zai yi. Kowa a bainar jama'a yake atishawarsa, gaban babba da ƙarami. Wanda bai yarda ba ya riƙe hancinsa, an kuwa gan shi. Babu mai atishawa a gaban shugaba, ya zagaya bayan kurmi ya ce shi dama bai so tafiyar ba.

Idan aka kayar da barewa, 'yan ƙanana ne ke fara ci, manya na tsaye suna gadi. Wanda ya zauna tsaron rami, da gurgu, da tsohon da ba ya iya gudu, ana komo musu da nama a ciki, a amayo musu. Wanda ya yi atishawa da wanda bai yi ba, duk suna ci.

Dalili kuwa a fili yake. Kyarkeci bai kai zaki ƙarfi ba, kura ma kan ƙwace masa nama. Yawansa shi ne makaminsa. Garken da manyansa suka gaza biyar da ƙyar yake raya 'ya'ya, don babu mai tsaron rami, babu isassun mafarauta. Yau tarko da ciwon haukan kare da ƙarancin daji sun rage su zuwa 'yan dubbai a duk faɗin Afirka. Kuma a duk garken da na ƙasa suka zube ɗaya bayan ɗaya, masu faɗa a ji ba su daɗewa a bayansu, ko da atishawa ukun tana nan tana jiransu.