Bayani a Kan Wutar Mota da Malamin da Ya Sauya Ta da Hannunsa

Injin da ke aiki da fetur yana buƙatar abubuwa uku kafin ya tashi, wato cakuɗen mai da iska, da matsi a cikin silinda, da tartsatsin wuta da zai sauka a daidai lokacinsa, kuma kayan da ke samar da na ukun su ne ake kira tsarin wutar mota. Wanda ya kafa tsohon tsarin da ke dogaro da batir shi ne Ba'amurke Charles Kettering na kamfanin Delco, aka fara sa shi a motar Cadillac a 1910, ya kuma yi zamani har zuwa shekarun 1970, lokacin da na'urorin lantarki suka fara karɓe aikin. Irinsa ne ke cikin yawancin motocin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna daga 1975.

Batir yana ba da volt 12 kacal, ƙarfin da ba zai iya tsallake tazarar da ke bakin fulogi ba, don haka ake bi da wutar ta cikin kwayil, wanda gwangwani ne mai ɗauke da naɗin waya biyu, ɗaya mai kauri da zagaye kaɗan, ɗaya siriri mai dubban zagaye. A cikin distributa, wato mai rabon wuta, akwai kwantak, wasu ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa, waɗanda duk lokacin da suka rabu sai wutar naɗin farko ta yanke, ƙarfin maganaɗisun da ya taru ya rushe, naɗi na biyu ya haifar da wutar da takan kai volt 20,000. Kwandansa tana hana bakin kwantak ƙonewa, rota kuma tana juyawa a ƙarƙashin murfin distributa tana miƙa wutar ga wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya, a jerin 1-3-4-2 a injin 504.

Wannan bayani kaf wani malamin makaranta, wanda mai wannan rubutu ya sani sanin da ba ya buƙatar gabatarwa, ya haddace shi daga littafin gyara, kuma da 504 ɗinsa ta ƙi tashi wata safiyar Asabar, sai ya yanke hukuncin cewa mutumin da ke koyar da lissafi ba shi da uzurin biyan bakanike. Tun da bai san wane ɓangare ne ya lalace ba, ya ga adalci shi ne a hukunta su baki ɗaya, ya tafi kasuwar 'yan kayan gyara ya sayo kwayil, kwantak, kwandansa, rota, murfi, fulogogi huɗu da wayoyinsu, a kan kuɗin da uwargidansa ta riga ta ware wa buhun shinkafa.

Ƙa'idar da yaran gareji ke koya tun suna wanke sifana ita ce a cire waya ɗaya a mayar da sabuwa kafin a taɓa ta biyu, amma malamin, saboda son tsafta, ya tumɓuke su gaba ɗaya ya zuba a kwando. Da ya zo mayarwa bai manta jerin 1-3-4-2 ba, ya kuma gano ramin lamba ɗaya a kan murfi, sai dai ya fara ƙirga silinda daga gaban mota, wajen fanka, alhali al'adar Peugeot ita ce a fara daga baya, wajen kulochi. Sakamakon haka kowane tartsatsi yana isa ga silindar da ta gama ƙona manta tana fitar da hayaƙi, a daidai lokacin da bawul ɗin shiga ya fara buɗewa.

Abin da masana ke kira komawar wuta baya ya bayyana a murɗa makulli na farko, inda kafireto ya yi atishawar wuta da ta rage wa malamin gira ɗaya, salansa kuma ta saki ƙarar da ta watsa kajin maƙwabta, ta sa mai shayin bakin layi ya kwanta a ƙarƙashin teburinsa yana salati. Malamin, wanda bai yarda da hukunci ba tare da gwaji ba, ya zare wayar tsakiya daga murfin distributa ya riƙe ta da hannu kusa da jikin inji, ya umarci babban ɗansa ya murɗa makulli, yaron kuwa, da yake mai biyayya ne, ya murɗa bai saki ba. Gwajin ya tabbatar da cewa sabon kwayil lafiyayye ne, kamar yadda ya tabbatar wa 'yan unguwa cewa mutum mai shekaru da tumbi yana iya yin tsallen da ya fi tsayin taya. Daga nan batir ya ƙare, aka koma ga turi, 'yan majalisa suka tura motar har ƙarshen layi cikin hantsi tana harbi kamar bindigar toka, suka dawo da ita, aka raba musu ruwan sanyi a kan bashi.

Bakaniken da aka kira bayan azahar bai ɗauko akwatin kayan aiki ba. Ya leƙa injin, ya dubi girar malamin, ya ce, "Malam, waye ya yi maka wannan aikin?" Malamin ya amsa cewa wani yaro ne, amsar da babban ɗansa ya saurara cikin ladabi da sunkuyar da kai. Bakaniken ya sa almajirinsa ya musanya wayar ɗaya da ta huɗu, ta biyu da ta uku, ya daidaita tazarar kwantak zuwa kimanin milimita 0.4, aka jona aron batir, mota ta tashi a murɗa guda. Sannan ya binciki kwandon tsofaffin kaya, ya nuna cewa ƙashin robar da ke ɗaga tsohon kwantak ne ya cinye har bakin ya daina buɗewa, ciwon da sukudireba ke warkarwa kafin shayi ya huce.

Masu nazarin wannan lamari suna iya fitar da hukuncin cewa sabon kaya ba ya maye gurbin jeri da lokaci, kuma karin maganar da ke cewa ƙaramin sani ƙuƙumi ne ta shafi har masu digiri. Bakaniken bai karɓi kuɗi mai yawa ba, ya dai nemi a ba shi kwandon don ya rage wa gidan tarkace, malamin ya ba shi da godiya. Da sabuwar kwandansa ta ƙone a farkon damina, tsohuwar tasa ce aka sayar masa, tare da shaidar cewa irin wannan ta asali ba a samun ta yanzu.