Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Mai Martaba Soket Ɗaya Tilo

Zuwa ga Mai Martaba Soket,
Sarkin Ɗakin Bitar Rukuni,
Bayan Ƙofa, Hawa na Biyu,
Babban Laburaren Jami'armu.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka da sarkinsa, ina fata Mai Martaba ya huce. Na ce ya huce ne saboda da safen nan, da na durƙusa a gabanka kamar yadda al'adar fada ta tanada, na miƙo cajata da hannu biyu, sai ka amsa mini gaisuwa da wani irin ja da ya taso daga ɗan yatsa ya ratsa har cikin turamen haƙorana. Na saki salati da iya ƙarfina. Nan take jami'in da ke kula da shiru ya leƙo, ya ɗora yatsa a leɓe, ya nuna mini allon da aka rubuta a yi shiru, ya koma kujerarsa. Ko ina numfashi ko ba na yi, wannan ba ya cikin aikinsa. Da hannun hagu nake danna wannan wasiƙa, don haka in an ga ladabi ya karkace a wani wuri, a yi mini afuwa.

Allah ya ja zamaninka, ka san dai yadda aka kafa masarautar nan. An yanka kirtani, an yi tafi, an ɗauki hoto. Teburi dogo mai sheƙi, kujeru 12, bangon gilashi, ga ƙaton allon talabijin a kafe. Aka ce ga wurin da ɗalibai za su riƙa zama rukuni-rukuni suna bitar karatu, suna haɗa jinga, suna gwajin gabatar da firojet. Kowa ya ce madalla. A duk hotunan ranar babu wanda ka fito a ciki, domin kana bayan ƙofa, daidai idon sawu, inda sai an rufe ƙofar an sunkuya kafin a yi arba da kai. Kujeru 12, kowace kujera da mutum, kowane mutum da waya, rabinsu da laftof wadda batirinta ya riga mu gidan gaskiya tun tana hannun mai ita na farko. Duk wannan jama'a, kai kaɗai. Baki ɗaya tal.

Ban sani ba ko labari yana isa fada, amma ka sauya mana tsarin zama gaba ɗaya. A da, wanda ya fi gane darasi shi ke jagorantar rukuni. Yanzu wanda ya zo da ekstenshan shi ne shugaba, ko da kuwa bai san sunan kwas ɗin ba. Muna lallaɓa shi, muna dariya in ya yi barkwanci marar gishiri, muna sa sunansa a saman takarda. In ya yi fushi ya naɗe wayarsa, zama ya tashi. Layin da ake yi a gabanka kuwa sak na famfon unguwa ne ranar da ruwa ya zo: kowa ya ajiye jarkarsa ya kafa mata ido, kowa na rantsuwa tasa ce ta riga zuwa. Mun ma kafa doka, mai kashi 4 cikin ɗari yana gaba da mai kashi 11. Tun daga ranar mutanen kirki suka koyi ƙarya. Na ga ustazu, mai ja mana salla, ya kife fuskar wayarsa ya ce saura kashi 2, alhali ta kusa rabi. Awa biyun da aka ba mu, kashi ɗaya ya tafi a shari'ar wa zai sa, kashi ɗaya a shari'ar wa ya cire, abin da ya rage mu yi karatu da shi a tsugune, domin wayar caja ba ta kai teburi, teburin kuma an ɗaure shi da ƙasa da noti don kada mu sace.

Teburin da sai ƙarti shida sun ɗaga. Ta matattakala. A gaban masu gadi.

Ranka ya daɗe, kada ka ce na raina asalinka. Na san gidanku. A Ingila aka haifi kakanka a shekarar 1947, bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ake shirin sake gina gidajen da bama-bamai suka rushe. A kwamitin da ya share fagen zuwansa mace ɗaya ce kawai, injiniya Caroline Haslett, wadda ta daɗe tana fafutukar a sa lantarki ya sauƙaƙa wa mata aikin gida. Sun yi tunani har a kan yaro mai rarrafe: aka sa wa ramukanka biyu na ƙasa marfi daga ciki, ba ya buɗewa sai doguwar ƙafar filogi ta sama ta fara shiga. Aka sa fis a cikin kowane filogi, don in kaya ya yi yawa shi ya ƙone kafin gida ya ƙone. Gidan mutunci ne, gidan tsari. Ga shi yau jikan wannan gida ya tsage a gefe, an naɗe masa ƙugu da salatif baƙi, sukuru ɗaya ke riƙe da shi a bango, baki ya yi baƙi ƙirin saboda tartsatsi. Marfin da aka yi don kare jarirai kuwa, 'yan ajin ƙarshe ne ke zura masa murfin biro ta sama don cajarsu mai ƙafa biyu ta samu shiga. Abokin karatunmu da ya zo daga Maraɗi, inda soket ɗinsu irin na Faransa ne mai ramuka zagayayyu, ya tsaya yana kallon wannan aikin tiyata ya ce shi dai a bar shi da batirinsa.

Kuma abin haushin, ba ƙarfi ka rasa ba. An yi ka ne ka ɗauki amfiya 13, wutar ƙasar nan kuma a ƙa'ida bolt 230 ce, wato kusan wat 3,000 ke nan. Cajar laftof ta yau da kullum wat 65 take ci, wata ma 45. Ko ɗan aji ɗaya ya buga lissafin zai ga cewa laftof 40 ba su fi ƙarfinka ba. Ciki gare ka na ciyar da zauren lacca guda, aka ba ka baki ɗaya. Shi ya sa muke jona ekstenshan a kan ekstenshan, irin na bakin kasuwa mai siririyar waya wanda ko fis babu a ciki, har ƙasan ɗakin ya koma tarko. Wata baiwar Allah ta taso za ta yi bayani a allo, ƙafarta ta harɗe, laftof biyu suka bi ta ƙasa. A cikin ɗaya akwai babi na huɗu na firojet ɗin wani, kuma ba shi da kwafi a ko'ina.

To ni yanzu ajiye rawanin nan, mu yi magana. Wane ne ya zana ɗakin nan? Wane ne ya zauna a ofis mai sanyi, ya ƙirga kujeru har 12, ya zo kan wuta ya rubuta 1, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya tafi gida ya ci tuwo hankali kwance? Shi ba ya cajin waya? 'Ya'yansa da fitilar ƙwai suke karatu? A ofishinsa ina da yaƙinin akwai irinka a bayan teburi, akwai a gefen firji, akwai wanda ba a taɓa sa masa komai ba tun da aka gina wurin. Kai kanka nawa kake a kasuwa? Kuɗin lemon da aka sha ranar buɗe ɗakin nan ya isa a sayo ƙannenka goma a jera su. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Bututun waya tun kafin a yi filasta ake binne shi, soket na tsakar ɗaki kuma tun kafin a zuba kankare ake fitar masa da gurbi, don wuta ta ɓullo a ƙarƙashin teburi, inda mutane suke. Yanzu da aka shafe komai aka manna tayil, duk wanda muka kai wa kuka sai ya ce ai sai an fasa bango, fasa bango kuma sai an rubuta takarda, takarda kuma sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuma yana jiran a buɗe sabon kasafi. Mai gyaran wuta ya ce ko ba a fasa komai ba zai iya bin bango da farar robar rufe waya ya gama kafin la'asar. Aka ce masa zai ɓata kwalliyar ɗaki.

Kwalliya! Wa ke kallonta? Mu da muke durƙushe a bayan ƙofa?

Abin nan ba gaibu ba ne. Wani mai zanen gine-gine ɗan Ingila, Harry Faulkner-Brown, wanda kamfaninsa ya zana laburaren jami'o'in Nottingham da Newcastle, ya jera sharuɗɗa goma na ginin laburare tun shekaru da dama da suka wuce, kuma na farkonsu shi ne gini ya zama mai karɓar sauyi, a iya juya shi in buƙata ta juya. A Amurka, tun 1992 jami'ar Iowa ta buɗe wani sashe a laburarenta da ya haɗa kwamfutoci da wurin koyarwa, jami'ar Kudancin Kalifoniya ta buɗe nata a 1994. Jami'ar Rochester kuwa abin da ta yi shi ya fi ci mini rai, saboda sauƙinsa. Ta ɗauko masaniyar halayyar al'umma, Nancy Fried Foster, ta ce ta binciki yadda ɗalibai suke karatu a zahiri. Cikin dabarunsu har da miƙa wa ɗalibai takarda da alƙaluman launi a ce su zana irin wurin da suke so, sannan aka yi amfani da abin da suka zana wajen shirya sabon wurin karatun da aka buɗe a 2007. Takarda da alƙalami. Ko wannan ma sai an jira kasafi? Da an tare ɗalibi ɗaya a bakin ƙofa, ko wanda ya fi kowa barci a aji, an ce me kake so a ɗakin nan, kafin ya ce kujera zai ce wuta.

Na san za a ce ai su masu kuɗi ne. Gaskiya ne. Laburaren Hunt na jami'ar jihar Karolina ta Arewa, da aka buɗe a 2013, yana da ɗakunan rukuni kusan 100, kuma na'ura ce ke zaƙulo littafi daga rumbun da zai ɗauki littattafai miliyan 2. Mu ba mu roƙi na'ura ba. In aka kawo ta ma, a ina za a jona ta? Sai dai ta bi layi a bayan mai kashi 4.

Sauran fadawanka ba zan ɓata musu lokaci ba. Farin allo, wani ya yi rubutu a kansa da makar da ba ta goguwa, har yau lissafin 'yan shekarar da ta wuce muke kallo. Talabijin na nan cikin ledarsa, kuma filoginsa ma kai yake jira. Bangon da ya raba mu da masu karatun shiru bai kai sili ba, don haka an gina mana ɗakin magana inda aka hana magana. Mabuɗi yana hannun wani bawan Allah da kullum ya tafi ta'aziyya. Gilashin kaɗai zan yaba, don ya rufe bakin masu tsegumi in maza da mata sun zauna bita, sai dai ba a bar masa taga ba, a watan Afrilu mutum yana shiga yake fara dahuwa. Jiya da dare kuma da aka ɗauke wuta, janareto ya haska ofisoshin ƙasa ya manta da hawa na biyu. Wannan ba laifinka ba ne, na sani, amma na lura ko a jikinka.

Saboda haka, Mai Martaba, ga shawarar da talakawa suka yanke. A bakin ƙofar jami'a akwai wani yaro mai shagon caji. Bai yi digiri a zanen gini ba. Katako ya samu ya jera irinka a kai sahu-sahu, ya sayi ɗan ƙaramin janareto, ya ajiye benci biyu a inuwar darbejiya, yana manna wa kowace waya lamba don kada a yi rigima. Bencinsa ba a ɗaure yake ba, in mun yi yawa mu ja shi, in rana ta juyo mu matsa. Ba ya hana magana. Mai shayi na gefensa. Rukuninmu ya koma can tun daga yau, kuma mun ji 'yan ajin lissafi ma suna hanya. Mun rubuta wa hukuma takarda muna roƙon a ba shi kwangilar zana ɗakin bita na gaba, ko aƙalla a sa shi cikin kwamiti.

Kai kuma muna ba ka shawara ka yi murabus da girmanka, kafin masu tantance kwasa-kwasai su zo daga Abuja a rufe ka da kalanda.

Naka talaka mai biyayya, bisa tilas,
Mataimakin Shugaban Rukuni na Uku
(shugaban shi ne mai ekstenshan)