Mu 'Yan Wutar Kara

In dai fara abu ne, a miƙo mana kambu kawai. Duk faɗin Kano ban ga unguwar da za ta ja da tamu wajen ɗaura ɗamara ba. Ranar da likita ya auna jinin ɗayanmu ya ga ya haura 140 bisa 90 ya ɗan yamutsa fuska, to daga asibitin ba gida mutumin zai nufa ba, Ƙofar Wambai zai zarce ya zaɓo kambas na gwanjo da wandon 'yan ƙwallo. Kashegari ana sallame Asuba sai ka gan shi yana sassarfa ya doshi Filin Sukuwa, tumbi na gaba yana biye. Kafin mako ya zagayo an zama ayari, an buɗe zauren WhatsApp, an naɗa ciyaman da ma'aji, har ana shawarar ɗinka riguna iri ɗaya.

Daga nan sai uzuri ya fara sallama. Hunturu akwai ƙura, mutum zai kwashi mura a banza. Bazara kuwa wa zai yi gudu a wannan zafi? Damina taɓo. Da kaka bukukuwa sun yi yawa, kullum ana ɗaurin aure. Shekara ta ƙare ke nan. Zauren WhatsApp ɗin dai yana nan da ransa, a nan muke samun sanarwar suna da ta'aziyya.

Mai shayin bakin layinmu ya fi kowane likita sanin tarihin lafiyarmu. Shi ne ke ganin yadda alkawari ke narkewa cokali-cokali.

"Alhaji, yau ma babu suga?"

"Babu, Malam. Likita ya hana."

Bayan 'yan kwanaki: "Ɗan sa rabin cokali, kar bakina ya mutu." Can gaba: "Sa ɗaya, ai na sha tafarnuwa da safe." Ran da ka ji Alhaji ya ce "yi min haɗin nan nawa," to an koma gidan jiya, madara da Bournvita da suga sai cokali ya kusa tsayawa a kofi, ga burodi da wainar ƙwai a gefe. Mai shayi ba ya cewa uffan. Amma a bayan ido ya ce shi dai tun da yake sana'ar nan bai taɓa ganin wanda hanin likita ya kai shi wata biyu ba, sai wanda ya taɓa kwanciya a gadon asibiti aka ɗaura masa ruwa.

Amma kar a yi mana rashin adalci a ce duk lalaci ne. Rabin abin da ke rusa mu, zumunci ne da kunya. Ka je gaida gwaggonka, kafin ka gama zama an dire maka lemon kwalba mai sanyi, an aiki yaro takanas ya sayo. Ka ce ka daina sha? "Au, yau kuma ruwan gidan namu ne ba za a sha ba? To Allah ya ba mu kuɗi mu ma." Shi ke nan, ka ɗaga ka shanye, kai da gwaggo duk kun san ba ƙishirwa ce ta sa ba. Kwalba ɗaya tak ta kusa cinye kason sugan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya ishi babba a yini guda, wato kamar ƙananan cokula 12, kuma gida uku za ka zaga a ranar.

Mafi muni shi ne ranar da abin ya fara aiki. Mutum ya daure wata uku, ya rage tuwon dare, wuyan riga ya saki, numfashi ya daidaita, yana hawa bene ba haki. Maimakon barka, me zai ji a majalisa?

"Kai, Yaya, lafiya kuwa? Ka rame fa!"

"Ko kasuwar ce ta juya baya?"

Wata tsohuwa ma har gida za ta bi matarsa da faɗa, wai ba ta kula da shi. A wurinmu ƙiba shaidar hutu ce, rama kuwa ko jinya ko bashi. To wane namiji ne zai jure a riƙa yi masa kallon wanda jari ya karye? Sai ya koma wa balangu don ya wanke sunansa. Mata ma haka. Hajiya ta sha wahala ta rage jiki, a gidan biki ƙawaye su ja ta gefe: "Ke, ko kishiya zai yi miki ne?"

Duk wannan abin dariya ne. Inda dariya ke tsayawa shi ne wajen magani. Akwai wani ma'aikacin jinya a layinmu, in ya fara wannan magana har jijiyar wuyansa ke tashi. Ya ce mun ɗauki kowace cuta zazzaɓi, a sha magani kwana uku a watsar. Mai hawan jini ya sha ƙwaya wata guda, ciwon kai ya tafi, ya je kemis aka auna aka ce jini ya sauka, sai ya yi hamdala ya jefa sauran a aljihun tsohuwar riga. Bai san ƙwayar ce ta saukar da shi ba, kuma ranar da ta bar jiki jinin zai koma inda ya fito, shiru, ba ciwon kai ba jiri, sai dai wata safiya a ji ɓarin jiki ya shanye. Mai tarin fuka kuma watanni 6 cur ake so ya yi yana shan magani, kyauta ma ake bayarwa a asibitocin gwamnati, amma da tari ya lafa a wata na biyu sai ya ɓace, ya dawo daga baya da irin wanda maganin farko ba ya ji.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta je ta taɓo dubu, wasunmu sun yi tafiyar ƙasan da likita ya yi shekaru yana roƙo. Minti 150 a mako ake nema, mu kuwa muka ninka, muna tafe muna Allah ya isa. Sai dai ko wannan, da albashi ya shigo, a daidaita sahu ake tarewa don zuwa bakin titi.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ɗin nan da ake cewa ba ma ɗorewa, akwai abubuwan da muke riƙewa shekara da shekaru ba fashi. Adashen matan layinmu ya girmi wasu 'yan makarantar sakandare, saboda uwar adashe ba ta jiran ki tuna, yarinyarta na bakin ƙofa kowace Juma'a. Alaramman tsangayar bayanmu bai yarda da haddar da ba a bi ta da tilawa ba. Izu biyu kullum, wata ya ƙare ya sauke sittin, ya koma farko. Ɗalibansa da suka yi sauka aka yi walima aka rataye allon zayyana a falo, in ka tare su bayan shekara biyar sai ka ji ana lalube. Baban da ke limancin masallacin kan kwana kuwa ya haura saba'in, bai taɓa jin sunan motsa jiki ba, amma sau biyar a rana yana takawa masallaci, da ƙafa yake zuwa gaisuwa da jana'iza. A ganina sirrin bai wuce wannan ba: duk abin da ya ɗore a hannunmu, za ka tarar yana da lokacinsa tsayayye, kuma akwai wanda zai cigiya in ba a gan ka ba. Wanda muka bar wa zuciya ita kaɗai, ranar da ta ga dama, shi ne ke mutuwa.

Wani Alhaji a majalisarmu ya gano haka da kansa. Da ya ga kullum sai ya manta ƙwayar hawan jininsa, amma bai taɓa manta shayin safe ba, sai ya kwashi maganin ya damƙa wa mai shayi amana. Yanzu in ya zauna a benci, kafin a miƙo kofi sai an miƙo ƙwaya da ruwa.

"Haɗiye tukuna, Alhaji."

"Kai fa ka cika takura, kamar kai ka haife ni."

"Ni dai amana aka ba ni."

Azumi biyu ke nan ana haka, in zai yi tafiya ma sai ya biyo ya karɓi na guzuri. Rigimar da ta rage tsakaninsu ta suga ce. Mai shayi ya ce tun da an ba shi riƙon magani, shi ke da ikon cokali. Alhaji ya ce wannan ba ya cikin yarjejeniya, kuma in aka matsa masa akwai wani mai shayin a layin gaba.