Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hajiya Igiyar Kan Iyaka

Zuwa ga Mai Girma Hajiya Igiya, uwar ɗakin masu kaki, mai kwance a tsakiyar hanya tun daga Kamba har bakin Tafkin Chadi.

Ranki ya daɗe, gaisuwa mai yawa tare da fatan kin tashi lafiya. Ina gajiya, ina aikin tare hanya? Yaya su ganga da tsohuwar taya da katakon ƙusa, 'yan rakiyarki? Allah ya ƙara miki kauri.

Bayan haka, wake ne ya sa na ɗauki alƙalami da sassafen nan. Gwaggona da ke aure a wani ƙauye kusa da Madarunfa ta ji an yi mini haihuwa, sai ta auna wake tiya ashirin daga rumbunta, ta ɗinke bakin buhu da hannunta, ta ba wani direba ya kawo mini nan Ƙauran Namoda. Yau bayan asuba ya buga ƙofa ya miƙo abin da ya rage. Ranki ya daɗe, da hannu ɗaya na karɓa. Bakin buhun an farke an ɗaure, an kwance an sake ɗaurewa, har zaren gwaggo ya ƙare aka ƙulle shi da ledar burodi. Ina cikin juya shi sai direba ya sosa ƙeya ya ce akwai ciko a kaina, domin a wasu wuraren ba ki cin wake, kuɗi kike so. Na lissafa, na sake lissafawa: da kasuwa na je na auna, da na samu sauƙi. Wato kyautar gwaggo ta fi saye tsada.

Ga yadda aka yi, in direba bai ƙara gishiri ba. A ɓangarenki na can, aka ce wake na cikin hatsin da aka hana fitarwa. Wannan kam gaskiya ne, tun watan Oktoban 2024 hukumomin Yamai suka hana fitar da gero da dawa da masara da shinkafa da wake, in ba zuwa Mali ko Burkina Faso ba. Direba ya ce ai ba fatauci ba ne, gudummawar suna ce. Aka ce doka ba ta san suna ba. Aka ɗebi tiya biyu, nan take doka ta tuna. Aka ɗaga ki ya wuce. Bai gama sa giya ta uku ba sai ga ki kuma a gabansa, kin canja kaki kin canja harshe. A nan aka ce wannan kayan waje ne, daga ƙasar da ta fita ƙungiyar ECOWAS. Waken da ɗazu yake dukiyar ƙasa da ba a yarda ta fita ba, yanzu ya zama baƙo da ba a yarda ya shigo ba. Aka zura kwano.

To waɗannan biyun na gane, ko ba komai kan iyaka suke. Sauran fa? 'Ya'yanki da jikokinki da ke shimfiɗe cikin gari, nesa da Nijar da tafiyar rabin yini, wace ƙungiya aka fita da suke karɓar nasu kason? Hanyar da ta fi kusa daga kan iyakar Jibiya ita ce ta Gurbin Bore zuwa Zurmi, amma mai iyali ba ya binta da kwanciyar rai, don haka direba ya zagaya ta Katsina da Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya gaisa da zuriyarki kaf. Kowa da kwanonsa. Ƙasashen nan uku da suka fita, Nijar da Mali da Burkina, sun sa harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan kayan da ke shiga musu daga waje tun watan Maris na 2025, aka yi ta kururuwa a rediyo cewa ciniki zai mutu. Naira ɗari biyar ke nan a kan dubu ɗari. Ke kuwa zakkar hatsi kike fitarwa, ɗaya bisa goma, ba nisabi, ba jiran kaka, kuma a kowane shinge sabuwa.

Da na kai ƙara majalisar mai shayi, ranki ya daɗe, maimakon jaje sai na tayar da tsohuwar gardama. Majalisarmu ta rabu biyu tun ranar 28 ga Janairun 2024, lokacin da Nijar da Mali da Burkina suka ce sun bar ECOWAS, wadda dangi na can ke kira Sedeyawo. Akwai wani matashi mai gyaran waya da ya ɗora hoton Janar Tchiani, jagoran sojojin da suka karɓi mulki a Nijar, a fuskar wayarsa. Shi a wajensa zancen ƙasa ne, Nijar ta kori sojan Faransa, ta 'yantu, kuma ƙasar da ke son ciyar da mutanenta dole ta riƙe hatsinta. Na ce to waken nawa fa? Ya ce in ɗauke shi sadaukarwa. Wani tsohon malamin makaranta kuma ya dage cewa ƙasar da ba ta da teku ba ta fushi da maƙwabta. Ya kawo zancen tashar Kwatano da gadar Malanbil zuwa Gaya da aka rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina da rakiyar soja, ya ce kuɗin wannan zagaye a kwanon talakan Maraɗi ake cire shi. Na ce to waken nawa fa? Ya ce in kai ƙara Abuja. Ɗan canjinmu ne kaɗai bai tanka ba, yana ta danna kalkuleta. Shi ba ruwansa da wa ya fita wa ya zauna. Jakar sefa da a da ake ba mu a naira ɗari uku da 'yan kai ta haura naira dubu biyu, kuma 'yantattun har yau sefar suke kashewa.

Abin da babu wanda ya faɗa a majalisar, ni zan faɗa miki, tunda mu biyu ne. Ke ba ki taɓa shiga ECOWAS ba, balle ki fita. An kafa ƙungiyar a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, da ƙoƙarin Janar Gowon da Eyadema na Togo. A 1979 aka sa hannu cewa ɗan kowace ƙasa a cikinta zai shiga 'yar uwarta ba biza ya yi kwana casa'in. Wannan takarda ta girmi yawancin masu riƙe bakinki, amma wace rana kika kwanta ƙasa don girmama ta? A watan Agustan 2019, muna cikin ƙungiya tsundum mu da Nijar, shugaba Buhari ya rufe iyakoki har zuwa Disambar 2020, aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita ashirin daga gare ki. A lokacin nan kika yi ƙibar da ba ki taɓa yi ba. Shinkafar da aka hana ba ta daina shigowa ba, hanya ta canja, ta koma bayan babur cikin dare, farashi ya ninka, ke kuma kika buɗe rassa a daji.

Sannan aka zo 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka tsare Bazoum, shugaban Nijar. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka taru a Abuja, suka ba da wa'adin mako guda, suka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, wadda ita ce kusan kashi saba'in cikin ɗari na lantarkinsu. Mu nan Ƙaura har mun fara murna a ɓoye, muna zaton rarar za ta biyo ta wajenmu. Har yau muna jira. Aka ce sojoji ake hukuntawa. Wane soja ne ya kwana da yunwa? Manyan motoci suka yi jerin gwano a Illela da Jibiya, albasa ta ruɓe a cikinsu, magani ya yi wuya a Maraɗi, dillalan kara a kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis suka zauna suna korar ƙuda. Har da zancen yaƙi! A tura wa, ya harbi wa? Bagobirin Sabon Birni ya ɗauki bindiga ya nufi Tsibiri, inda kakansa yake kwance? Sai da sanatocin Arewa da malamai da sarakuna suka tashi tsaye kafin zancen ya lafa. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 aka janye takunkumin, Bazoum na nan inda yake a tsare, ba a samu komai ba sai ɓacin rai da asarar talaka. A watan Maris aka ce an buɗe iyaka. An buɗe a rediyo. Ke kina nan.

Kuma kar ki ɗauka na goyi bayan masu fita. Su ma wa suka tambaya? Mutanen Ingila da suka bar Tarayyar Turai, ko ba komai sai da aka kafa musu akwati a 2016 suka jefa ƙuri'a, suka yi shekaru suna ja-in-ja kafin su fita a 2020, in sun yi nadama tasu ce. Gwaggona a rediyo ta ji an fitar da ita, yadda ni ma a rediyo na ji za a kai mata yaƙi da sunana. Ranar 29 ga Janairun 2025 fitar ta tabbata, aka fito da sabon fasfo mai tambarin AES, ƙawancen ƙasashen ukun. Gwaggo ba ta taɓa riƙe tsohon ba. A ranar ce kuma ECOWAS ta ba da sanarwa cewa har sai an ji sabon bayani, a ci gaba da karɓar takardun mutanen ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga, a ɗauki kayansu yadda aka saba. Ashe wanda ya ce wa direba waken nan kayan waje ne ƙarya ya shirga. Amma direba ba ya yawo da sanarwar Abuja a aljihu, kuma ko yana yawo da ita, ke ba ki iya karatu ba.

Haba! Wake fa! Waken suna! Tsohuwa ta duƙa damina guda, ta tsince, ta sussuke, ta sheƙe, ta hana bakinta don jikan da ba ta gani ba, ƙarti majiya ƙarfi su bi shi da kwano suna ɗiba da sunan ƙasa. Wace ƙasa? Ƙasar da Kaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi da ma'auni tsakanin 1906 da 1908 suna kafa duwatsu, suka bar Katsinawan Maraɗi can, na Katsina nan, suka raba Gobir gida biyu? Masu zagin Turawa dare da rana sun fi kowa gadin layin da Turawan suka ja. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya ya shiga Nijar, ya gama yawonsa ya dawo mana ya faɗa Rima, shekara da shekaru, ba wanda ya tambaye shi takarda. Da za ki iya da shi ma kin ɗebi guga biyu.

Sauran ƙorafin ba zan tsawaita ba. Kuɗin bai-ɗaya da aka ce sunansa Eco, ana ɗaga ranar haihuwarsa tun ina saurayi, yanzu an ce 2027. Ragunan layya da aka hana fitowa daga Nijar gab da babbar sallar 2025, ni dai da kaza na rufa asiri. Jirgin ƙasan da ya iso Ƙaura a 1929 don kwasar gyaɗa da auduga ya bar mu da tasha da ciyawa, ga sabon layin dogo ana ja daga Kano zuwa Maraɗi, za a kai jirgi ƙasar da aka kusa kai wa yaƙi, kuma na tabbata kin riga kin zaɓi inda za ki gitta masa.

Amma akwai tambaya guda da nake so ki amsa tsakaninki da Allah. Akwai mutanen da ECOWAS ba ta taɓa yi wa yarjejeniya ba, AES ba ta buga musu fasfo ba, amma su ne kaɗai ke cin moriyar zirga-zirga ba shamaki a yankin nan. Uku-uku suke hawa babur. Su kora shanun Zurmi su ƙetara da su, su koro na can su kawo nan. Bindigar da ke kafaɗarsu ba a Shinkafi aka ƙera ta ba, ta wata hanya ta shigo, kuma ba mu ji an ɗebi tiya biyu na harsashi ba. Saboda su ne dubban mutanenmu na Zamfara da Sakkwato suka tsere jihar Maraɗi tun 2019, mutanen can suka raba musu ɗan geron da suke da shi ba tare da sun tambayi ƙungiyarsu ba. Saboda su aka kashe mana layin waya a Satumbar 2021, aka rufe kasuwannin mako. Ina kike shiga idan sun taho? Da rana kin fi kowa miƙewa a gaban mai buhun wake, magariba na yi a naɗe ki a jefa bayan mota.

Saboda haka, ranki ya daɗe, ina ba da shawara a yi miki ƙarin girma, ganin irin ƙwazonki. A ɗauke ki daga kan kwalta, inda basirarki ke lalacewa a kan direbobi da tsofaffi, a kai ki bakin dajin Dumburum a ɗaure tsakanin itatuwa biyu, ki fara aiki daga sallar isha'i. Kuɗin motar kai ki mu 'yan majalisar mai shayi za mu haɗa, mai gyaran waya da malam sun amince, karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya. Ki taho da kwanonki.

Naki mai biyayya ala tilas,
Wani mai jego a Ƙauran Namoda.