Kurege da Rumbun Gizo

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata shekara damina ta yi gardama, Kurege ya tashi da gyaɗa mudu goma sha biyu kacal. Matarsa gwanar ƙuli-ƙuli ce, sai suka shirya kafa sana'a, amma jari ya gagara. Ya je bankin Giwa, aka ce ya kawo takardar gona da mai tsaya masa. Gonar kuwa ta aro ce. Ya dawo gida jiki a sanyaye.

Da dare yana latsa waya, sai ga tallan Gizo a yanarsa: rance ba jingina, ba mai tsaya maka. Kurege ya tura saƙo.

"Maraba da babban ɗan kasuwa!" in ji Gizo. "An amince maka buhu biyu. Sai dai ka fara turo mudu ɗaya na rajista."

Ya tura. Aka ce saura mudun tantancewa. Ya tura. Buhu bai zo ba. Da ya matsa, Gizo ya sauya magana: "Ɗan'uwa, me ya haɗa ka da bashi? Zuba goman da ta rage a rumbuna, bayan wata guda ka kwashi sha uku."

Wata ya cika, sha uku kuwa ta iso, ko ƙwaya ba ta yi ciwon kai ba. A nan ne abin tausayin yake, domin Gizo ba shi da gona, ba shi da shago. Daga gyaɗar da Zomo ya zuba jiya ya ɗebo ya biya Kurege, Kurege kuma ba shi da hanyar sanin haka. Ya mayar da sha ukun duka rumbu. Gizo ya ƙara masa da cewa duk wanda ya kawo, yana da ladan mudu guda.

Kurege ya shiga gida-gida da zuciya ɗaya. Ya kawo surukarsa. Ya kawo Bushiya, wadda ta shekara tana tarin kayan ɗakin 'yarta. Ya kawo Kunkuru, uban adashen unguwa, da zubin mutum ashirin.

Tsoho Hankaka, wanda ya saba shawagi a garuruwan mutane, ya kira shi gefe.

"Ɗana, na ga irin wannan. A 2016 MMM ta cika Najeriya da alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata, a Disambar shekarar aka toshe asusun kowa. A Afrilun 2025 CBEX ta rufe da kuɗin jama'a, har EFCC ta shiga bincike. Je ka tambayi Gizo ina gonar da ke haifar wannan riba."

"Baba, da hannuna fa na karɓa."

"Na sani. Gyaɗar wa ka karɓa?"

Kurege ya ce a ransa tsufa ne, ya wuce.

Da sababbin masu zubi suka yi ƙaranci, sai aka wayi gari da sanarwa: ana gyaran rumbu, a yi haƙuri mako biyu. Mako biyu ya zama wata biyu. Aka je gindin tsamiyar da yanar take, ko zare ɗaya babu.

Ba wanda ya taɓa ganin Gizo ido da ido. Kurege suka sani, don haka bakin raminsa suka yi cincirindo. Bushiya tana kuka, biki saura kwana tara. Kunkuru ya kai ƙara fadar Zaki. Surukarsa ba ta ce uffan ba, ta kama hannun 'yarta suka tafi. Zaki ya yanke cewa Kurege ya yi wa Kunkuru noma damina uku.

A daren da ya dawo daga fada, waya ta yi ƙara. Wata sabuwar yana ce a kan kuka, da sabon suna: "Muna ƙwato wa waɗanda Gizo ya cuta dukiyarsu. Turo mudu biyu na buɗe fayil."

Kurege ya leƙa ƙuryar rami, ya ga mudu biyun ladan da ya ɓoye don iri. Ya daɗe yana dubansu. Sannan ya tura ƙasa ya toshe ƙuryar, ya fita cikin duhu neman gidan Hankaka.

Ƙurunƙus.