Yadda Ba'amurke Ke Ɓuya a Cikin Gidansa

Wayar girke a Amurka na'ura ce da magidanci ke biya wa kuɗi duk wata domin baƙi su same shi yana cin abincin dare. 'Yan talla ta waya sun fi son wannan lokaci, kuma suna da hujja: an dawo daga aiki, hannu na cikin kwano, zuciya ta yi laushi, ana iya sayen inshora. Shi ya sa ƙasar ta tanadi matakan kariya, waɗanda ya kamata a bi daki-daki.

A da, lambar kowa tana cikin wani ƙaton littafi da kamfanin waya ke rabawa kyauta, har da suna da adireshi. Wanda ba ya so a buga tasa sai ya biya ɗan wani abu. Hidimar da kamfani ke yi masa a kan kuɗin ita ce ƙin rubuta sunansa, aikin da saboda nauyinsa sai an sake biya kowane wata.

A 1987 aka fara sayar wa mutanen jihar New Jersey wata 'yar akwati mai nuna lambar mai kira kafin a ɗaga. Aka yi ta murna, har aka lura cewa wanda ake kira yau shi ne mai kira gobe. Likita ya buga wa majiyyaci daga gida, shi ke nan, majiyyaci ya san inda zai kai ƙarar ciwon baya ƙarfe 2 na dare. Jihar Kalifoniya ta ja ƙafa a kan lamarin har 1996.

Maganin wannan shi ne *67. Ka danna shi kafin lambar da za ka kira, taka ta ɓuya. Mai tsohuwar waya ta juyawa da yatsa, wadda ba ta da tauraro, sai ya juya 1167. To amma 'yan talla ma suna da yatsu. Saboda haka aka fito da *77, mai korar duk kiran da aka ɓoye lambarsa. Nan kuma aka gano cewa cikin korarrun har da surukai, waɗanda suka sa aka ɓoye musu lamba dindindin. Su sai su danna *82 su bayyana kansu na kira ɗaya. Ke nan iyali biyu masu son sirri suna iya gaisawa lafiya lau, muddin ɗaya ya haƙura da nasa. Kamfanin da ya nuna, shi ya ɓoye, shi ya kori ɓoyayye, kuma babu ɓangaren da ya nuna wa bambanci wajen aika takardar biya.

A kula: *67 ba ya aiki a kan lambobin kyauta masu farawa da 800. Mai lambar ne ke biyan kuɗin kiran, don haka yana ganin wanda ya ci masa kuɗi. Yawancin masu irin wannan lamba kuwa kamfanoni ne masu abin sayarwa.

Gwamnati ba ta naɗe hannu ba. Wata dokar 1991 ta hana kiran talla kafin ƙarfe 8 na safe da bayan 9 na dare, wato ta kare ɗan ƙasa sosai a lokacin da yake barci. A 2003 hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta buɗe rajistar “kada a kira ni”, kuma lambobin da ke ciki sun haura miliyan 200. Tsarin mai sauƙi ne. Kana ba hukuma lambarka, hukuma tana miƙa ta ga 'yan talla domin su san wadda ba za su kira ba, su kuma wajibi ne su duba jerin duk kwana 31. Mai gaskiya ya duba ya bar ka. Ɗan damfara ba ya cikin masu wannan ɗabi'a.

Rajistar ba ta shafi ƙungiyoyin agaji ba, da masu binciken jin ra'ayi, da masu bin bashi, da 'yan siyasa. Na ƙarshen su ne suka yi dokar, sun kuma auna sun ga kiransu ba ya damun kowa.

Ita kuwa 'yar akwati ta koyi ƙarya. Da kwamfuta mai kira yana iya sa ta nuna lambar da ya ga dama, galibi mai kama da ta unguwarku, don ka zaci maƙwabci ne ya ga hayaƙi a rufinka. A 2018 hukumar sadarwa, FCC, ta ci wani mutumin Miami mai suna Adrian Abramovich tarar dala miliyan 120 kan irin wannan kira kusan miliyan 100 cikin wata 3. Sama da miliyan guda ke nan a kullum. Ko ba komai bawan Allah yana da zumunci.

Wanda ya bi duk matakan nan wayar ba ta daina ƙara ba, yana iya sa a yanke layin baki ɗaya. Sai dai ya sani cewa kamfanin da ka yi ciniki da shi yana da izinin kiranka har wata 18 bayan biyanka na ƙarshe, in ba ka buɗe baki ka hana ba. Saboda haka ya ajiye wayar salula kusa, za a so a ji dalili.