Bahasi a Kan Masu Sayen Tsoro da Kuɗinsu

Malamanmu magabata, Allah ya jiƙansu ya yi musu rahama, sa'ad da suka shimfiɗa babin ciniki, suka tabbatar da cewa ba ya inganta sai abin sayarwa ya kasance mai tsarki, mai amfani, sananne ga mai saye da mai sayarwa, wanda kuma ake iya miƙa shi ga mai shi, sun yi bayanin hatsi da dabbobi da tufafi da ƙasa, har tsuntsun da ke sama da kifin da ke cikin ruwa ba su bari ba sai da suka faɗi hukuncinsu. Amma duk da zurfin nazarinsu, ba su yi zaton wani zamani zai zo ba wanda baligi mai hankali, ba tilasta shi aka yi ba, ba kuma maye ne ya ɗebe shi ba, zai kwance bakin lalitarsa ya biya wani ƙato lada domin ya razana shi. To, zamanin ya zo, kasuwar kuwa tana ci, har turereniya ake yi a bakin ƙofa.

Asalin abin daga ƙasashen Turawa ne. A daren 31 ga watan Oktoba na kowace shekara suna da wani biki da suke kira Halowin, wanda masana tarihi suka danganta tushensa ga mutanen Ailan da Sikotlan na zamanin da, waɗanda suka yi itiƙadin cewa idan kaka ta ƙare, hunturu ya kawo kai, shamakin da ke tsakanin rayayyu da matattu yakan yaye. Daga baya Kiristoci suka sanya 1 ga Nuwamba ranar tunawa da waliyyansu, daren ya zama jajiberinta. Da yunwar da ta faro a 1845 ta kori mutanen Ailan zuwa Amurka, sai suka tafi da al'adarsu. Amurkawa kuwa, da yake Allah ya hore musu basirar mayar da kowane abu haja, ba su yi wata-wata ba suka fafe kabewa, wannan dai da muke darajantawa a miyar taushe, suka yanka mata idanu da haƙora, suka kunna fitila a cikinta, suka ajiye a ƙofar gida wai dodo ce.

Ba su tsaya nan ba. Wani gidan wasa a jihar Kalifoniya mai suna Knott's Berry Farm, wanda asalinsa gona ce ta 'ya'yan itace, ya fara shirya dararen tsoro a 1973, kamfanin Universal kuma ya buɗe nasa a Orlando a 1991. Yadda ake yi shi ne a gina lunguna masu duhu, kwana bisa kwana, a turnuƙe su da hayaƙi, sa'an nan a ɗauki ma'aikata a shafe musu fuska da jan launi, a ba wani zarto mai inji wanda aka cire wa haƙora, su laɓe a saƙo-saƙo suna dakon bayin Allah. Mai saye yakan shiga layi ya yi sa'a guda ko fiye yana jiran a tsorata shi. Wanda ya ƙosa kuma, akwai tikiti na musamman mai tsada da zai sa a tsorata shi kafin sauran jama'a. Akwai sharaɗi tsakani: dodo ba ya taɓa ka, kai ma ba ka taɓa dodo. Abin da ya fi ba ni ta'ajibi shi ne, a wasu gidajen, bayan mutum ya biya kuɗin a firgita shi, ana kuma sayar masa da wani abin wuya mai walƙiya wanda in dodannin suka hango shi sai su ƙyale shi ya wuce lafiya. Laya ke nan, mai layar kuwa shi ne mai dodon. Ko bokan da ya fi kowa gogewa a ƙasar Hausa bai kai ga wannan hikima ba, ta ya sayar maka da aljani ya kuma sayar maka da maganinsa, duk a rumfa ɗaya, har ya ba ka rasit.

Sai kuma a 1993, a jihar Fensilbeniya, wasu suka ƙago yanka hanyoyi masu rikitarwa a cikin gonar masara, domin mutum ya biya ya shiga ya ɓata, abin da yanzu ya zama sana'ar kaka ga manoma da yawa a can. Ranar da wannan labari ya iso majalisarmu ta gindin darbejiya, dattawa sun yi dariya har da hawaye, kuma suna da hujja. Duk wanda ya san ƙasar Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Bichi a ƙarshen Oktoba, lokacin da an yanke gero amma dawa tana tsaye, kaura da farafara sun fi mutum tsawo ko da ya ɗaga hannu, gonaki kuma manne da juna babu saura babu daji, sai 'yar turbar da jaki da mangalarsa ke wucewa da ƙyar, ya san cewa baƙon da ya shiga bayan magariba yana neman unguwar gaba zai sami duk abin da Ba'amurke ke biya, har da gyara. Zai kewaya ya dawo gindin kukar da ya bari, ƙarangiya ta yi wa wandonsa ado, ya yi sallama ga mutum-mutumi mai tsohuwar riga har sau biyu ba a amsa ba, mujiya ta yi masa magana daga kan gawo, sa'an nan, daidai lokacin da ya fara tuno addu'o'in da ya bari a makarantar allo, jakin wani ya ɓarke da kuka a ƙeyarsa. Wannan duka fi sabilillahi, ko anini ba a karɓa.

Amma fa gwano ba ya jin warin jikinsa. Mu da muke yi musu dariya, tun kafin su san zarto mai inji muke ciniki a wannan kasuwa. Idan azumi ya kwana goma, 'ya'yanmu sukan liƙa gemun auduga, su shafa toka ko baƙin tukunya, su bi gida-gida suna tashe ana ba su hatsi da kwabbai, abin da bai da nisa da yawon 'ya'yan Turawa na neman alewa. Idan gardawa suka iso kasuwa da kura a sarƙa, bakinta da takunkumi, ga gwaggon biri ga mesa a wuya, babu mai rumfar da ba ya barin kayansa ya zo ya kafa da'ira. In kura ta yi yunƙuri a watse ana zubar da takalma, in ta lafa a dawo a matso fiye da da, a jefa kuɗi, a sayi laya, wani ma ya biya a ɗora ɗansa a bayanta wai don ya rabu da tsoro, alhali shi uban yana can nesa bayan mai ƙosai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, mu kuma da bugun zuciya.

Na zamani kuwa shi ne na ranakun Salla, sa'ad da samarinmu ke cika motoci su nufi birni. Akwai wani a unguwarmu, bari mu kira shi Wane, mai guru a ƙugu da kambu a damtse, wanda ba ya buɗe baki a dandali sai ya sanar da jama'a cewa ban da Allah ba ya tsoron kowa. Ya kwashi ƙannen budurwarsa domin a kai mata labari, suka fara da Gidan Zu, wanda aka kafa tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, inda ya tsaya gaban kejin zaki ya gaggaya masa maganganu, da yake akwai ƙarfe tsakaninsu. Daga nan suka wuce wani wurin wasa mai lilon inji, irin mai kujerun nan da ke ɗaga mutum sama yana juyi da shi, jikan babban lilon da injiniya George Ferris ya kafa a Shikago a 1893, mai tsawon mita 80. Na birninmu bai kama ƙafar wancan ba, saboda haka Wane ya dube shi a wulaƙance, ya ce wa yaron da ke riƙe da makunni, wanda bai kai sa'an ƙaninsa ba: "Kai yaro, ƙure masa gudu, kada ka ji tausayina."

A zagaye na farko hularsa ta yi nata wuri. A na biyu aka jiwo salati. A na uku yaron ya sami ƙarin girma: "Malam, rage kaɗan!" A na huɗu ya zama Alhaji, a na biyar kuwa sai ga Wane yana cewa: "Baba, don girman Allah, don darajar iyayenka, ka tsayar!" Da ya ga Baba bai da niyya, sai ya koma ga wasiyya, yana shaida wa duk mai ji cewa mai shayi yana bin sa bashi, kuma shi ne ya ɗebe gyaɗar kawunsa bara, a yafe masa. A kujerar da ke gefensa wata 'yar shekara shida tana ta tafi, da lilo ya tsaya ta dube shi ta ce: "Yaya, a ƙara?" Ya sauko yana riƙe da ƙarfe, ya bayyana wa jama'a cewa furar da ya sha da safe ce ba ta karɓe shi ba. In ka ji ƙi-gudu, sa-gudu ne bai zo ba. Da labari ya riga shi isa gida, kakarsa ta tare shi a zaure ta ce: "Haba angona, da ni ka ba kuɗin nan, ai da na tsorata ka a tsakar gida har sau uku, in kuma ba ka tuwo a kai."

Likitoci sun yi bayanin sirrin wannan ciniki. Sun ce idan mutum ya razana, wasu 'yan halittu da ke bisa ƙodarsa sukan zuba wani sinadari mai suna adiranalin a cikin jini, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, jiki ya ɗaura ɗamarar gudu ko faɗa. Idan kuma hankali ya tabbatar babu wata halaka, sai razanar ta juye ta zama nishaɗi. Ashe abin da ake saye shi ne tsoro mai lamuni, wanda an san ƙarshensa dariya ce. Imamu Gazali kuwa, wanda ya rasu a 1111, ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddini a kan haufi da raja'i, inda ya nuna cewa tsoro abin yabo shi ne wanda ke kange bawa daga saɓo ya kora shi ga aiki, amma wanda ke zuwa ya sa hawaye na ɗan lokaci sa'an nan ya wuce, wannan tauyayye ne, fa'idarsa kaɗan ce. In aka ɗora tuban Wane a kan wannan mizani, za a ga lilo ya fitar masa a cikin 'yan mintoci abin da wa'azin shekara bai fitar ba, sai dai tuban ya warware da zarar ƙafarsa ta taɓa ƙasa, mai shayi kuwa har yau yana jira.

A nan ne matsalarmu take, domin tsoro muna da shi isasshe, rabonsa ne ba mu iya ba. A Abu Dabi akwai wani jirgin wasa mai suna Formula Rossa, wanda aka buɗe a 2010, mai gudun kilomita 240 a sa'a guda, kuma ba a barin kowa ya hau sai an ɗaure shi tamau an sanya masa tabarau. Mu kuwa ranar kasuwar Dambatta mutum zai ɗare bisa buhunan da aka labta wa a-kori-kura, akuya a cinyarsa, ƙafafunsa na reto a waje, direba yana rige-rige da ɗan'uwansa a kan titin Daura, shi kuma yana cin gyaɗa yana ba da labari, ko bisimilla bai yi ba. Mutum huɗu a kan babur, babu mai hular kwano, wannan tawakkali ne. Amma a ce wa ɗayansu ya bi ta gindin tsamiya bayan lisha, sai ya tuna yana da saƙo ta wata hanyar. Ba ya fito da dare don kada ya kira abin da ba a gani, alhali gidan sauron da aka ba shi kyauta ya kewaye tumatir da shi, ya bar 'ya'yansa ga abin da ake gani, ake kuma jin kukansa a kunne. Yana ratsa gona da silifa a lokacin kaka, yana cusa hannu ƙarƙashin dami, ba ya ko tuna kububuwa, amma farin zanen da aka manta a kan igiya ya isa ya sa shi kwana da fitila.

Mafi girma daga wannan duka, shi wannan bawan Allah da inuwar tsamiya ke kora, idan damina ta faɗi ya riƙe garma, zuciyarsa ko ɗar ba ta yi sa'ad da yake matsar da gambar iyaka taƙi guda cikin gonar maƙwabcinsa, bana taƙi baɗi taƙi, duk da abin da malamai suka sha faɗa mana na azabar mai cin iyaka. Ba ya razana in ya auna wa talaka da mudun da aka buga wa gindi, ko in ya kai dami ɗari rumbu ya manta da goman zakka, ko in ya haɗe gonar marayu da rabon 'yan'uwansa mata da sunan yana kula musu da ita. Babu hayaƙi a nan, babu zarto, babu mai tsalle daga lungu, shi ya sa yake barci har da minshari.

Saboda haka hukuncin da na gani a wannan mas'ala shi ne, wanda Allah ya hore wa kuɗin lilo ya hau abinsa ranar Salla, ya yi ihunsa, ba za mu ce ya yi laifi ba, matuƙar ya biya mai shayi kafin ya hau. Turawa kuma, in suna son ɓata a gona, ga dawarmu nan kafin a yanke, mu yi musu rangwame. Amma kai mai karatu, in tsoro kake nema wanda zai amfane ka, ba sai ka je birni ba: gobe da safe ka zagaya gonarka, ka dubi inda gamba take bana da inda mahaifinka ya bar ta, ka mayar da ita wurinta tun kana iyawa. Allah ya sa mu ji tsoron abin da ya cancanci a ji tsoro, amin.